Akwatin da Na Sauke Daga Kan Kanta

Asabar, 2 ga Safar

Da sunan Allah na buɗe wannan shafi, kamar yadda na buɗe waɗanda suka gabace shi.

Yau bayan la'asar mun yi muƙabalar shafi uku, wato gwada kwafi da kwafi, ni da abokina Mai Tawada. Saura goma sha tara. Na rubuta adadin ne domin zuciyata ta natsu da ganinsa a takarda.

Shekara hamsin da ɗaya ke nan da malaminmu, Allah Ya yi masa rahama, ya yi mana shiftar sharhinsa mu biyu, kowa yana rubuta nasa kwafin. Ya rasu bai duba ko ɗaya ba, kuma babu kwafi na uku a duniya. Abin da alƙalamina ya tsallake yana wurin Mai Tawada, abin da nasa ya tsallake yana wurina. Dole a jera su layi da layi kafin a miƙa wa ɗalibai a ce maganar Malam ce. Mun yi ta cewa baɗi, baɗi, har ciwon maƙogwaro ya ɗauke masa murya, ɗansa ya tafi da shi wata ƙasa mai nisa domin jinya. Yanzu Litinin da Alhamis da Asabar nake zama a falo kusa da taga, gaban kwamfutar da 'ya'yana suka saya mini. Ni ina karantawa da ƙarfi, shi yana bi da ido a nasa. In mun saɓa sai ya ɗaga yatsa, ya kara shafinsa a kyamara, ni kuma in gyara tabarau in duba. Waya ba ta yi mana wannan aiki. Ba a jin ɗaga yatsa a waya.

Ya rame. Amma da na maimaita layi ɗaya sau uku sai ya rubuta a takarda ya nuna mini: "Har yanzu dai Mai Ƙa'ida ne." Sunan da ya laƙa mini ke nan tun ranar da na laƙa masa nasa, ranar da ya ɓarar da tawada a rigar Malam.

Wani abu kuma. Na shiga ɗakin ciki in ɗauko juzu'i daga saman kanta, na taka kujera, sai na ga akwatin intanet, wanda suke kira rauta, zaune can ƙololuwa, bisa Mus'hafi da littattafan hadisi. Ina kan tafiya aka zo aka haɗa shi, wata bakwai da suka wuce. Wata bakwai yana ƙyafta fitilu a kan Littafin Allah ban sani ba. Na yi istigfari. Na sauke shi a hankali ba tare da na cire waya ko ɗaya ba, na sa shi a ƙasan kabad ɗin ƙarfe inda takardun gida suke, wayoyin suka bi ta tsagar ƙofa, na kulle. Na ji sanyi a raina.

Litinin, 4 ga Safar

Ba mu yi karatu ba.

Na buɗe kwamfuta tun kafin lokaci. A kusurwar ƙasa akwai wata alama mai kama da buɗaɗɗen mafici, mai layi huɗu. Na saba ganinta cike. Yau layi ɗaya ne, shi ma yana zuwa yana ɓacewa. Na danna hoton Mai Tawada, wani zobe ya yi ta juyawa, daga bisani aka rubuta mini cewa babu haɗi.

Na kira 'yata ta biyu, wadda nake ce wa Uwata domin sunan mahaifiyata ta ci. Tana aiki a ɗakin magani na wani asibiti, tafiyar wuni guda daga nan. Ta ce, "Baba, kashe kwamfutar ka sake kunnawa." Na kashe, na kunna. Ta ce, "Akwatin yana kunne?" Na je na buɗe kabad, na ce yana kunne. Ta ce wataƙila daga kamfani ne, in yi haƙuri zuwa gobe, ga layin mutane a gabanta.

Saura goma sha tara.

Talata, 5 ga Safar

Na kashe na kunna sau tara. Layi ɗaya.

Laraba, 6 ga Safar

Na kira kamfanin. Sun ajiye ni minti ashirin da kiɗan da ban zaɓa ba. Na nisanta wayar daga kunnena ina tasbihi har wata baiwar Allah ta ɗauka. Mai ladabi ce, ba ta gajiya da maimaitawa.

Ta ce in je gaban akwatin in faɗa mata launin fitilu. Na bar matata Hajiya a falo tana gadin kwamfuta, na shiga ciki na buɗe kabad na durƙusa. Kore ne, guda huɗu. Ta sa na zare wayar wuta na ƙirga talatin na mayar. Suka dawo kore. Ina nan durƙushe sai na jiyo Hajiya: "Malam, ga shi ya soma cika." Na gode wa yarinyar, na yi mata addu'a, na kulle kabad, na dawo falo da sauri gwargwadon abin da gwiwa ta yarda.

Layi ɗaya.

Na ce, "Idonki ne dai." Ta ce, "Idona ya girmi naka ne ko naka ya girmi nawa? Da shekara goma sha biyu ka riga ni fara gani."

Na sake kiran kamfanin. Wani ne ya ɗauka wannan karon. Ya ce daga wajensu komai lafiya lau. Ban san yadda mutum zai yi da lafiyar da ba ta iso gidansa ba.

Alhamis, 7 ga Safar

Ɗan Mai Tawada ya kira ni a ƙaramar wayata. Ya ce, "Baffa, tun azahar ya sa an jingina shi da matashi, littafin yana cinyarsa. Ya ƙi yarda a ɗauke." Na ce ya gaya masa na'ura ce ta ƙi, ba ni ba.

Maƙwabcinmu tela ya ara mini babbar wayarsa, Allah Ya saka masa. Na ga fuskar abokina kamar girman ɗan yatsa. Ya kara shafi, rubutun ya zama tamkar jerin tururuwa. Ko da gilashin ƙara girma ban raba harafi da harafi ba. Muka zauna muna kallon juna. Ya ɗaga hannu, na ɗaga hannu.

Mutane suna zuwa ƙofata da mas'alar da ta raba 'yan'uwa, in buɗe littafi in raba musu gardama. Wannan mas'ala ban san ma a wane babi take ba.

Asabar, 9 ga Safar

Na naɗe kwamfutar a tawul na kai ta shagon mai gyara da ke bayan tashar mota. Dattijo ne mai furfura, tabarau biyu a wuyansa, teburinsa cike da hanjin na'urori. Ya haɗa ta da intanet ɗin shagonsa, nan take maficin ya cika, layi huɗu cif.

Ya ce, "Malam, wannan ai ta fi ni lafiya. Ni da hawan jini nake yawo."

Ya tambaye ni ko akwatin gida yana kunne, na ce yana kunne. Ya ce ko an taɓa wayoyinsa, na ce ba a cire ko ɗaya ba sai ta wuta da kamfani suka ce. Ya ce to matsalar a gida take, zai zo Litinin da kansa.

Da na ga ta kama, sai kwaɗayi ya kama ni. Na roƙe shi kujera, na fito da kwafina daga jaka, na kira. Aka ɗauka. Muka yi shafi ɗaya cikin ƙarar injina da cinikin masu waya, ina ɗaga murya kamar mai shela. Sai tari ya sarƙe Mai Tawada, ɗansa ya zo da tasa yana share masa baki da wuyan riga. Na waiwaya na ga mutum huɗu a bayana suna leƙe. Ɗaya ya ce, "Wayyo, wannan ai ya yi nisa." Na rufe kwamfutar ba sallama.

Mutumin da ba a taɓa ganin kansa ba hula ba. Ba zan sake shimfiɗa shi a kasuwa ba.

Saura goma sha takwas.

Lahadi, 10 ga Safar

Uwata ta ce in sa kwamfutar ta manta da akwatin, sannan in sake gabatar da su da kalmar sirri. Na ce yaya ake sa abu ya manta? Ta yi dariya ta ce, "Baba, ita ba kamar kai ba ce, danna ɗaya ne."

Kalmar tana rubuce a ƙarƙashin akwatin, haruffa da lambobi goma sha biyu marasa ma'ana. Na kwafe ta da kyakkyawan rubutu, na kulle kabad, na dawo. Yanzu kuma sunan akwatin ma ba ya fitowa a jerin. Sunayen na maƙwabta ne kaɗai, kowanne da ɗan kwaɗo a gefensa. A da ina da layi ɗaya. Yau da hannuna na rasa shi.

Litinin, 11 ga Safar

Mai gyara bai zo ba. Ya aiko cewa jininsa ya hau, yana kwance. Allah Ya ba shi lafiya. Na ji kunyar fushin da na yi kafin saƙon ya iso.

Talata, 12 ga Safar

An kwantar da Mai Tawada a asibiti. Ɗansa ya ce ba ya iya haɗiyar ruwa. Ya ce abu biyu ya nuna a sa masa a jaka: carbinsa da littafin.

Na zauna gaban kwamfuta daga la'asar har kiran magariba ba tare da na danna komai ba. Na binciki kaina ko akwai wani haƙƙi da na danne wanda ya sa aka rufe mini wannan ƙofa. Na tuna da dama. Ban ga wanda ya dace da girman wannan ba, amma ba bawa ne yake auna irin wannan ba.

Idan ya tafi, rubutunsa na gefen shafi babu mai iya warware shi da tabbas sai shi. Shafi goma sha takwas na maganar Malam za su zauna da kokwanto har abada, kuma su ne babin ƙarshe, inda ya yi mana wasiyya.

Laraba, 13 ga Safar

Hajiya ta kawo mini shayi ta tsaya a kaina. Ta ce, "Ni dai abin da na lura, in kana ɗakin ciki sai in ga alamar tana motsi, in ka dawo ta mutu. Ko kai ne ba ta so?"

Na ce ba lokacin wasa ba ne. Ta ce ita ma ba wasa take ba.

Maganar ta tsaya mini a rai har isha'i. Wani tunani ya gifta, na kore shi. Ba zai yiwu girmama Littafi ya zama sanadin yankewar karatu ba.

Alhamis, 14 ga Safar

Ba karatu. Uwata ta ce ta nemi hutun kwana biyu.

Juma'a, 15 ga Safar

Ta iso bayan an sauko daga masallaci. Ko mayafi ba ta cire ba ta fito da wayarta tana zagaya gidan da ita a hannu, tana kallonta, kamar mai neman inda wari yake fitowa. Falo, baranda, ɗakin ciki. Ta ɗaga kai ta dubi saman kanta. Ta ce, "Baba, ina akwatin?"

Na miƙa mata mabuɗi na nuna kabad.

Ta buɗe, ta durƙusa. Sannan ta ce, "Tun yaushe yake nan?" Na ce tun Asabar ta farkon wata. Ta ce, "Intanet ɗin kuma tun yaushe ya ɗauke?" Hajiya daga bakin ƙofa ta ce, "Bar shi ya lissafa. Shi yake raba wa mutane gado, wannan ba zai gagare shi ba."

Uwata ta yi mini bayani a hankali, da muryar da nake jin tana yi wa tsofaffin marasa lafiya. Ta ce abin nan kamar murya yake fita daga akwatin, ƙarfe kuwa yana toshe shi fiye da bango. Na kulle mai magana a cikin tukunya na koma falo ina jiran in ji shi. Ta ce, "Mutum uku sun tambaye ka game da akwatin nan, Baba, ba ka ce ka matsar da shi ba." Na ce babu wanda ya tambaye ni ko na matsar da shi. Da maganar ta fita daga bakina na ji nauyinta. Shekara arba'in ina koya wa ɗalibai su ba da amsa gwargwadon tambaya, kada su ƙara.

Ta ɗora shi a kan kabad: layi biyu a falo, hoto yana tsayawa yana tafiya. Wayar bango ba ta kai wani wuri mai tsawo ba sai saman kanta. Ta taka kujera ta riƙe shi a can, Hajiya ta ce daga falo, "Huɗu."

Na ce ba zai zauna bisa Mus'hafi ba.

Ta ce, "Baba, haramun ne?"

Na ce ba haramun ba ne. Ladabi ne.

Ba ta sauko daga kujerar ba, hannuwanta a sama riƙe da shi. Ta ce, "Ka gafarce ni, Baba. Ni a asibiti nake aiki. Na san abin da ake nufi in an ce mutum ya daina haɗiyar ruwa."

Na je na yi alwala. Na dawo na ce ta sauko, na hau kujerar da kaina, na sauke Mus'hafin da jerin saman duka, na kai su ɗakin kwanana na jera a kan sif ɗin kaya. Sauran jerin huɗu na bar su inda suke, ƙarƙashinsa. Ta ɗora akwatin. Ta shigar da kalmar sirrin daga takardar da na rubuta, ta ce rubutuna ya fi na injin kyau.

Asabar, 16 ga Safar

Na gan shi. Gado mai ƙarfe, roba a hanci, hularsa a kansa. Na san shi ya sa aka sa masa. Ba ya iya riƙe littafin, ɗansa ne yake riƙe masa yana juya shafi.

Kafin mu fara na gaya masa gaskiya, duka, tun daga kujerar da na taka har mabuɗin. Na ce kwana goma sha uku na ɓatar mana da hannuna, ya yafe mini. Kafaɗunsa suka soma girgiza, na tsorata, na zaci tarin ne. Ashe dariya ce marar sauti. Ya nemi takarda, ya daɗe yana jan alƙalami, ɗan ya kara mini. Kalma biyu ce, a karkace: "Mai Ƙa'ida."

Shafi uku. Ya ɗaga yatsa sau biyar. A na huɗun layi guda cif na Malam ne ya faɗi daga kwafina, shekara hamsin da ɗaya ban san babu shi ba. Na rubuta shi a gefe.

Saura goma sha biyar.

Lahadi, 17 ga Safar

Mun bar tsarin ranaku; kullum ne yanzu. Shafi biyu, sai barci ya ɗauke shi. Uwata ta koma bakin aikinta.

Litinin, 18 ga Safar

Shafi ɗaya. Yatsan yana motsi a kan bargo, ba ya tashi. Ɗansa ne yake gaya mini, "Baffa, ina jin nan yake nufi."

Da mun tafi a kan uku-uku kamar yadda muka saba, yau ne za mu rufe littafin. Na lissafa sau biyu. Ban so na iya lissafi ba.

Talata, 19 ga Safar

Layi huɗu cif a kusurwar kwamfuta, tun safe har yamma. Na kira, ba a ɗauka ba.

Laraba, 20 ga Safar

Ɗansa ya kira bayan azahar. Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙan Mai Tawada, Ya haɗa shi da Malam, Ya sa can ta fi masa nan.

Saura goma sha biyu.

Alhamis, 28 ga Safar

Kwana takwas ban buɗe wannan kundi ba.

Ɗansa ne ya kawo shawarar, ba ni ba. Ya ce zai riƙa kara mini shafukan a kyamara in duba da kaina, ko da ba za ta zama muƙabala ta gaskiya ba. Mun fara yau bayan la'asar, a lokacinmu. Rubutun ya fito sarai, har ɗigon tawadar da ke shafi na ɗari biyu da shida. Babu bukatar in karanta da ƙarfi, amma na karanta. A ƙarshen kowane layi sai in sami kaina na dakata. Sau uku yana cewa, "Baffa, hoton ya tsaya ne?" In ce a'a, ci gaba da riƙewa.

A gefen shafin da muka tsaya da mahaifinsa na ja layi na rubuta: daga nan zuwa ƙarshe ba a yi muƙabala da bakin mai kwafi na biyu ba. Na ajiye alƙalami. Sannan na sake ɗauka na ƙara: saboda sakacin mai wannan kwafi. Ɗalibai za su tambaya. In sun tambaya zan ba su labarin, har da abin da ba su tambaya ba.

Kafinta ya zo shekaranjiya ya kafa ƙaramar kanta a bangon ɗakin ciki, taƙi ɗaya sama da akwatin. Mus'hafi ya koma can. Sauran littattafan suna ƙarƙashin akwatin har yanzu. Zan duba lamarinsu in na sami sarari.

Jiya alamar ta sauka zuwa layi uku. Kafin in taɓa komai na kira Uwata, na faɗa mata duk abin da na yi a gidan tun safe, har matsar da labule. Ta ce, "Baba, labule ba ya hana shi." Na ce na sani, faɗa dai nake yi.

Da safe ina goge kanta kamar kowace Alhamis, na taka kujera na goge jerin sama. Tun da ina wurin, kuma tsumman yana hannuna, na goge akwatin ma. Ƙura ce kawai.